Rawar rok a Liyon: ni da iyalina mun fara zuwa, amma ana canjin abokin rawa

Badamagare a Liyon: Assalamu alaikum yan uwa. Ina da magana kuma don Allah a karanta har ƙarshe kafin a yanke min hukunci. Kun san iyalina ta iso nan Faransa a watan tara, to tunda sanyi ya shigo abin ya yi mata nauyi sosai, ni ina fita aiki bakwai na safe sai bakwai na dare nake dawowa, ƙarfe biyar duhu ya riga ya rufa, ita kaɗai a ɗaki hawa na huɗu daga waya sai leƙen taga. Yarinyar da ta tashi a gidan da ake ɗora tukunyar mutum ashirin. Rannan na dawo na tarar da ita zaune a falo fitila a kashe, ba barci take ba, ba kuka take ba, zaune kawai. Wlh abin ya tsaya min a rai. Akwai wani tsoho da matarsa a ƙasanmu, sun ba saba'in baya, su kaɗai ne ke tsayawa mu gaisa a duk ginin nan, sai suka ce mu biyo su gidan matasa da al'adu na kartiye, wanda ake ce ma MJC, duk daren Alhamis ana koyar da rawar rok. Mun je sau biyu. Ba giya, ba duhu, fitila tar kamar a lakwal, galibi dattijai ne kowa da gorar ruwansa. A ranar farko na ji dariyarta irin wadda rabona da ji tun muna Damagaram. Matsalar ita ce duk bayan yan mintoci malamar sai ta tafa hannu ta ce a canza, mata su matsa gaba wajen namiji na gaba. Mu sai mu ja gefe. A zuwa na biyu wani ya miƙo mata hannu ta girgiza kai, mutumin ya ji ba daɗi, mu ma muka ji ba daɗi, muka dawo gida ba mai cewa uffan. Yanzu mu ci gaba ne ko mu haƙura?

Sarkin Yaƙi: Wa alaikumussalam. Kai malam wannan har tambaya ce? Ka ɗauko yar mutane daga gidan mutunci ka kai ta gidan rawa a ƙasar Turawa sannan ka zo kana neman shawara. Ka bari kawai. Daga nan ake farawa.

Hajiya ta Paris: Sarkin Yaƙi yi a hankali mana. Mutum ya zo da damuwarsa ya faɗi gaskiya, da ɓoyewa ya yi wa zai sani? Ƙanena sannu da ƙoƙari, ka gaishe min da amarya. Zaman kaɗaicin nan na san shi, shekarata ta farko a nan har magana nake da tukunya, Allah ne shaida. Wanda bai yi hunturu shi kaɗai a ɗaki a ƙasar nan ba ba zai gane ba.

Ɗan Maradi a Lil: Yaya wane irin rok ne kuke koyo, mai ƙirga huɗu ko mai ƙirga shida? Don ba ɗaya ba ne, har mutanen da ke yinsu ma ba ɗaya ba ne

Badamagare a Liyon: Shida take ƙirgawa. Ɗaya biyu, uku da huɗu, biyar da shida.

Ɗan Maradi a Lil: To wannan shi ne na gidajen koyo da na dattijai. Namu na yan makaranta mai huɗu ne, shi kusan duk aikin a hannu yake, juyi kan juyi, ƙafa ba ruwan kowa da ita. Asalinsa na yaran manyan gidaje ne, akwai wani abu da suke ce ma rali, iyaye mata ne ke haɗa ya'yansu su riƙa yin suware, wato taron rawar dare, tare don su san juna tun suna ƙanana, daga can ya bazu cikin manyan makarantu. Gsky a suwaren ɗalibai akwai giya akwai komai, ba zan ɓoye ba, ni sau ɗaya na leƙa ban koma ba. Amma abinda yaya ya kwatanta daban ne, kada a haɗa su a kwando ɗaya

Malam na Marsey: Assalamu alaikum. Na karanta duka. Ɗan uwa ka yi daidai da ka tambaya, kuma Sarkin Yaƙi ina roƙonka ka sassauta harshe, nasiha ba a yinta da dutse. Abin a rarrabe yake. Mutum ya yi wasa da raha da matarsa a cikin gidansu, wannan babu mai hana shi, abin so ne ma. Annabi SAW ya yi tsere da Nana Aisha, kuma ya tsaya ya kare ta tana kallon Habashawa suna wasansu a masallaci har sai da ita ta ce ta gaji, wannan yana cikin ingantattun hadisai. Kiɗa kuma malamai sun yi magana mai tsawo a kai, mafi yawa sun tsananta, wasu sun sassauta, ba zan buɗe wannan a nan ba. Amma riƙe hannun wanda ba muharrami ba, nan kam ba wasa, ita Nana Aishar ce ta ba da labarin cewa ko a wajen mubaya'a hannunsa bai taɓa hannun matan da suka zo ba, da baki ake yi. Saboda haka abinda iyalinka ta yi na ƙin ba da hannu daidai ne, Allah ya saka mata. Saura abu ɗaya da ba a ambata ba, ko da kai kaɗai take riƙewa, tana juyi ne a gaban maza. Ni shawarata ku bari. Amma ka ji da kyau, idan ka cire ta daga can ka maida ta falon nan mai duhu ba ka sa komai a madadinsa ba, kai ma akwai tambaya a kanka.

Sarkin Yaƙi: To ai Malam ya gama magana

Hajiya ta Paris: Malam ya faɗi abu biyu, kai ɗaya ka ji.

Yar Kano a Manchesta: Salam. Bari in sa baki tunda ni na taɓa yi. Nan Ingila akwai irinsa ana ce masa Ceroc, a Landan aka fara shi a 1980, wani James Cronin ne ya kawo shi bayan ya ga yadda Faransawa ke rawar rok ɗinsu, sunan ma daga Faransanci aka gutsuro shi. Wata abokiyar aikina yar Jamaika ce ta ja ni lokacin da nake cikin wani hali bayan rasuwar babana, ban iya zuwa gida ba, kullum daga asibiti sai ɗaki. Abinda nake so ku sani shi ne a irin ajin nan kusan kullum mata sun fi maza yawa, shi ya sa za ka ga mata da yawa sun koyi ja, wato su ne ke yin ɓangaren namiji. Ni da ita muka riƙa yi, ita ke ja ni ina bi, daga baya muka juya. Kuma a wajenmu an san da masu zuwa su biyu da ba sa son canji, gefe guda ake ware musu, layi ya riƙa wuce su ba wanda zai miƙo hannu balle a ji kunya. Yaya kuskuren da kuka yi shi ne ba ku gaya wa malamar tun farko ba, shi mutumin da ya miƙo hannu bai san komai ba, a wajensu ƙin karɓa kamar ka ce masa yana wari ne. Ku je da wuri kafin a fara ku same ta ita kaɗai.

Badamagare a Liyon: Anti na gode. Kunya ce ta hana ni, gani nake za ta ce to me ya kawo ku

Yar Kano a Manchesta: Ba za ta ce ba in sha Allah. Ba ku ne na farko ba, akwai Turawan ma da ba sa son canji, wasu sababbin aure, wasu don bikinsu suke koyo

Bazazzagi a Jamus: Ni abinda ke ban mamaki duk wanda ya ji rok sai ya ce rawar Turawa. Rawar nan fa ta baƙaƙen fata ce, jikokin bayin da aka kwasa daga nahiyarmu. A unguwar Harlem ta birnin New York aka haife ta, a wani katon zauren rawa mai suna Savoy da aka buɗe a 1926 kan titin Lenox, lokacin ana ce mata Lindy Hop. A zamanin da wariya ta yi ƙarfi a Amurka, zauren nan baƙi da fari suna shiga ƙofa ɗaya su yi rawa a daɓe ɗaya, abinda ake tambaya kawai ka iya ko ba ka iya ba. Akwai wani Frankie Manning, shi ne ya shahara da fara wulla abokiyar rawa sama a wajejen 1935, da zamani ya juya sai ya koma aikin gidan waya ya yi kusan shekara 30 ba wanda ya san da shi, sai a shekarun 1980 matasa daga Suwidin da Ingila da Amurka suka nemo tsofaffin nan suka ce ku koya mana. Mutumin nan bai daina koyarwa ba har ya rasu a 2009 yana da shekara 94. Har yau akwai wani ƙauye a Suwidin, Herräng, da ake taruwa duk bazara tun 1982 don rawar nan. Sojojin Amurka ne suka yaɗa ta a Turai a yaƙin duniya na biyu, Faransawa suka karɓa suka riƙa yi a ɗakunan ƙarƙashin ƙasa na unguwar Saint-Germain a Paris, to da kiɗan rok ya fito a shekarun 1950, su Chuck Berry da Little Richard da Fats Domino, sai aka ɗora tsohon takun a kan sabon kiɗa. Sunan rok an rol ɗin ma wani mai gabatar da shiri a rediyo Alan Freed ne ya yaɗa shi daga Cleveland tun 1951, kuma faya-fayan baƙaƙe yake sakawa.

Sarkin Yaƙi: Duk wannan tarihin ba ya halatta komai. Ko a Kurmi aka ƙirƙire ta hukunci ɗaya ne

Bazazzagi a Jamus: Ban ce ya halatta ba, hukunci na Malam ne ba nawa ba. Cewa na yi a san abinda ake magana a kai. Kuma tunda an zo nan, a sani nan Jamus in ka ce rok an rol wasan motsa jiki ne sosai, kulob-kulob gare su da gasa da alƙalai, ana shure-shuren ƙafa da sauri ana wulla mace sama ta yi alkafura ta dawo, akwai ma hukumar duniya ta abin. Kada wani ya duba YouTube ya ga wannan ya ɗauka shi su Badamagare ke yi da yan shekara saba'in

Kawu na Tuluz: Yara kun tashe ni da hirar nan. Ni ina ɗan yaro a Yamai farkon shekarun 1970 yayyenmu ke wannan abin. Ranar Asabar a share tsakar gida a yayyafa ruwa, a aro garmaho da faya-fayai, wando mai faɗin ƙafa, mu ƙanana muna bisa katanga muna leƙe har a kore mu. Tuwis da rok da kiɗan Kuba duk ana yi. Akwai wani mai hoto Philippe Koudjina da ke yawo da kyamara cikin dare a Yamai yana ɗaukar masu rawa, hotunansa suna nan har yanzu ana nuna su. A Bamako kuma Malick Sidibé, ku nemi wani hotonsa na 1963, saurayi da yarinya suna rawa kai ya kusa haɗuwa da kai, ita ba takalmi a ƙafarta, kowa ya gani sai ya ce masoya ne alhali wa ne da ƙanwarsa yana koya mata. Ba ina cewa abinda yayyenmu suka yi duk daidai ne ba, wasunsu sun lalace a nan, wasu kuma yau su ne limaman unguwa. Ina faɗa ne don Sarkin Yaƙi ya san ba yau abin ya zo mana ba. Ɗana Badamagare, tambaya ɗaya zan maka. Duk mun yi ta magana a kan yarinyar nan, kai ka tambaye ta abinda take so?

Badamagare a Liyon: Kawu tana cikin gurup ɗin nan, tana karantawa. Na ce ta yi magana ta ce kunyarku take ji

Hajiya ta Paris: Ƙanwata fito ki yi magana, nan duk yayyenki ne da iyayenki

Amaryar Liyon: Assalamu alaikum, ina wuni Kawu, ina wuni Malam, Hajiya ina gaisuwa. Ni ban iya doguwar magana ba ku yi haƙuri. Gaskiya ba rawar ce ta dame ni ba. A gida ma ni ba mai rawa ba ce, ko a biki ina bayan fage, gaɗa kawai na yi ina yarinya. Abinda ya sa nake son wurin, wata uku na yi a garin nan ba wanda ya kira sunana sai maigidana. A kanti inji ne ke karɓar kuɗi, a metro kowa kansa a ƙasa. Ranar da muka je tsohuwar nan ta kama hannuna ta zagaya da ni tana faɗa wa mutane sunana, suna ta ƙoƙarin maimaitawa suna kuskure suna sakewa. Da muka koma sati na biyu wata ta hango ni daga ƙofa ta kira ni, ta riƙe sunan har kwana bakwai. Na je banɗaki na yi kuka. Kuma Faransancin da na yi a lakwal duk ya gudu, bakina ya yi nauyi, amma a can dole ka ce wani abu, an do turwa e katur sank e sis, ina ƙirgawa da ƙarfi tare da kowa ba wanda ya kalle ni. Hannun wani namiji kam ba zan riƙe ba, wannan ba sai an gaya min ba, ko maigida ya ce in yi ba zan yi ba. Da hijabina nake zuwa da doguwar riga. Maganar Malam ta juyi a gaban maza ta shige ni, tun ɗazu nake tunaninta, ban san me zan ce ba. Abinda na sani kawai ina tsoron komawa yadda nake a watan jiya.

Hajiya ta Paris: Allah sarki ƙanwata. Wlh kin sa ni hawaye

Malam na Marsey: Yata na ji ki, Allah ya yaye miki. Ban canza abinda na faɗa ba don ba nawa ba ne da zan canza, amma ki sani ba a ce ki zauna cikin ƙunci ba. Liyon gari ne mai Musulmi da yawa, akwai babban masallaci, akwai ƙanana a unguwanni, galibinsu ba sa rasa zaman mata a ƙarshen mako, ga darussan Faransanci da ƙungiyoyi ke yi wa baƙi. Badamagare wannan aikinka ne, ranar Asabar ka ɗauke ta ku je ku nema da ƙafarku, kada ka ce ka gaji.

Sarkin Yaƙi: Ni ma ba mugunta ce ta sa na yi magana ba. Na ga abinda ya faru da wani na kusa da ni a nan, da kaɗan kaɗan aka fara, yau ya'yansa ko gaisuwa da Hausa ba su iya ba, sallah kuwa sai dai a yi shiru. Abin na ci min rai shi ya sa. Amarya ki yafe min in na yi zafi

Amaryar Liyon: Ba komai yaya, Allah ya shirya mana zuri'a

Yar Kano a Manchesta: Ƙanwata ga wata hanya kuma. Tunda tsohuwar nan na sonki, ki ce ta riƙa hawowa sama da rana ku yi ku biyu a falo, ita ta ja ki. Tsofaffin nan su ma kaɗaicin ke cinsu fa, ya'yansu sai Kirsimeti suke ganinsu. Ki dafa mata shayi ki ba ta ƙuli-ƙuli ko dubulan ki ga in ba kullum za ta riƙa ƙwanƙwasa miki ƙofa ba. Kuma akwai ɓangaren rawar da ake yi ba abokin rawa, kowa shi kaɗai a layi, wasu wuraren har aji na mata zalla ake samu in an tambaya. A fina-finanmu na Hausa ma ai ana rawa ba a taɓa juna

Ɗan Maradi a Lil: Amma tsakani da Allah in ba ku canzawa koyon zai yi muku wuya. Ba don iskanci suke canjin ba. In ku biyu ne kullum, kowa sai ya haddace kuskuren ɗan uwansa, ita ta san juyin da za ka yi tun kafin ka ɗaga hannu sai ta juya da kanta, kai kuma ka ɗauka ka iya ja alhali ba ka ja komai ba

Kawu na Tuluz: Gaskiya ne amma su ba gasa za su ba. Wanda zai yi rawa da mace ɗaya har ƙarshen ransa ina ruwansa da iya jan wata. Ni da marigayiya mun yi shekara shida muna zuwa irin wurin nan bayan yara sun bar gida, likita ne ma ya ce ta riƙa motsa jiki saboda sukari, ba mu taɓa canzawa ba ko sau ɗaya. Maganin abinda ɗan Maradi ya faɗa shi ne ta riƙa rufe ido a gida in kuna gwadawa, sai abinda hannunka ya gaya mata kawai za ta bi. Ɗana bari in ba ka abinda na sani, ko a can ko a falonku zai yi maka amfani. Kai da ƙafar hagu kake farawa ita da dama. Ɗaya biyu ɗin nan ɗan taku ne baya ka dawo, kada ka yi shi da faɗi, rabin tsawon takalminka ya isa, duk sabon shiga babban taku ne ke kashe shi sai kiɗa ya tsere masa. Uku da huɗu taku uku ne a bugu biyu, haka biyar da shida, wato ƙafa takwas kenan a ƙirga shida. Kuma kada ka ruɗe in ka ji kiɗan yana tafiya huɗu huɗu kai kana shida, haka abin yake, in ka yi sau biyu sha biyu kenan kun sake haɗuwa da shi. Hannu kuma, hagunka ke riƙe damanta, yatsu kawai a lanƙwashe kamar ƙugiya, kada ka danna mata babban yatsa a bayan hannu, yana da zafi kuma mata ba sa faɗa sai dai ka ga sun daina son yi. Gwiwar hannu kusa da jiki, a ɗan saki a ɗan ja kamar roba. In za ka juya ta ka ɗaga hannun daidai saman kanta kaɗan ka zana ɗan ƙaramin da'ira, ita ce za ta juya kanta, ba tuƙa tuwo kake ba, in ka murɗa da ƙarfi kafaɗarta ce za ta biya.

Amaryar Liyon: Kawu Allah ya jiƙan Inna ya sa ta huta. Maganar babban yatsan nan gaskiya ce

Badamagare a Liyon: Amin Kawu. Ban san ina yi ba wlh, na daina daga yau

Kawu na Tuluz: Amin na gode yata. Tun da ta rasu ban sake taka wurin ba, amma mutanen ajin nan su goma sha ɗaya suka zo mana gaisuwa har gida, suka cire takalmi a ƙofa suka zauna a ƙasa tare da mu, wata ta yi sati biyu tana kawo min miya. Shi ya sa da ana maganar nan ban iya yin shiru ba.

Bazazzagi a Jamus: Allah ya gafarta mata Kawu

Malam na Marsey: Allah ya jiƙanta da rahama. Maƙwabtaka mai kyau addini ne Kawu, wannan ba mu da saɓani a kai. Inda muka saba yana nan, sai mun haɗu a waya.

Kawu na Tuluz: Ina jiranka Malam, ka kira bayan isha'i

Badamagare a Liyon: Salam yan uwa, na dawo da bayani tunda jiya Alhamis. Mun je da wuri kamar yadda anti ta ce, muka sami malamar tana jona lasifika. Na yi mata bayani, tun ban gama ba ta ce ba matsala, ta nuna mana kusurwa kusa da taga ta ce nan ne wurinmu, da aka taru kuma ta faɗa wa kowa a taƙaice cewa mu biyu ba ma shiga layi. Mutumin rannan da kansa ya zo ya ɗora hannu a ƙirji ya gaishe ta daga nesa. Da aka zo canji sai tsohuwar ta bar mijinta ta zo ta ja iyalina, ni na tsaya ina kallo, ashe ta iya ɓangaren maza sarai. Ban ce mun yanke shawarar ci gaba har abada ba, mun biya na wata uku ne kawai, kuma maganar Malam tana nan muna juya ta mu biyu, ita ma ta ce in ta sami abinda ya fi za ta bari. Gobe Asabar za mu masallaci neman zaman matan in sha Allah. Sai dai tun da muka dawo take cewa gwiwarta ta dama na mata ciwo, ko akwai wanda ya san dalili?

Hajiya ta Paris: Wane takalmi take sawa?

Amaryar Liyon: Kambas ne Hajiya, wanda nake fita da shi

Hajiya ta Paris: To shi ne. Ƙasansa roba ce tana kama daɓe, ke kin juya ƙafa ba ta juya ba sai gwiwa ta ɗauki murɗar. Ki nemi mara tsini mai santsin ƙasa, na fata in da hali, ki riƙa zuwa da shi a jaka ki sa a can kada ki taka shi a titi ya jiƙe. A gida kuma safa ta isa, ki juya a kan gaban ƙafa ba diddige ba. In ciwon ya wuce kwana uku ko ya kumbura ki je a duba. Ki turo min lambar ƙafarki ta inbos, ina da wani da na saya ya matse ni, sau ɗaya na sa, in ya yi miki sai in ba direban da ke saukowa Liyon ranar Talata.

Amaryar Liyon: 38 nake sawa Hajiya, na gode Allah ya bar zumunci